Kuɗin Ajiyar Haya: Na Wane Ne, Kuma Yaya Za a Karɓo Shi?

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ekklesiya da shugabannin Zumuntar Mata na yankin Sabon Tasha, Kaduna

Mun gode wa kwamitin shirye-shirye da suka ba mu wannan zarafi. Sa'ad da aka sanar da kan maganar, wani dattijo ya tare mu a bakin majami'a ya ce, "Fasto, yanzu har maganar kuɗin haya ta isa a kira taro a kanta?" Muka ce masa, "Baba, ka buɗe littafin zaman dattawa na ekklesiyarku, ka ƙirga ƙararrakin da aka kawo maku a 'yan shekarun nan. In ka cire na aure, me ya rage?" Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya, ya ce shi ma yana da 'yan haya huɗu, kuma zai zo ya zauna a gaba. Ga shi nan kuwa, muna ganinsa.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mu tuna yadda aka yi muka cika wannan ƙetaren kogi a matsayin 'yan haya. Yaranmu da aka haifa a nan suna tsammani haka Kaduna take tun asali. Ba haka take ba. Da yawa a cikinmu mun zauna a Tudun Wada, da Rigasa, da Kawo, wasunmu har sun gina gidaje a can. Rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000 ne ya fara kwaso mutane, na Nuwamban 2002 ya ƙara, na bayan zaɓen Afrilun 2011 ya kusan ƙarasa sauran. Maƙwabtanmu Musulmi da suke zaune a nan kudu su ma haka suka kwashe suka haye arewa, suka bar gidajen da suka sha wahalar ginawa. Cikin ɗan lokaci Television, da Sabon Tasha, da Narayi, da Unguwar Romi, da Unguwar Boro, da Gonin Gora suka cika maƙil, gonakin 'yan'uwanmu Gbagyi suka koma fulotai. Wanda ya gudo da tabarma a ka da yara a hannu ba ya ciniki. Abin da mai gida ya faɗa, shi yake biya, ba ya kuwa tambayar takarda. Gudun ya wuce, amma wannan hali na biya ba takarda ya zauna tare da mu har yau.

A ɗaya gefen kuma, kada mu ɗauka kowane mai gidan haya attajiri ne. Masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe a shekarar 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Yawancin masu gidajen da muke haya a ciki tsofaffin ma'aikatan masaƙu ne, da malaman makaranta da sojoji masu ritaya, waɗanda suka zuba ɗan abin da suka samu a bulo da kwano. Ɗakuna huɗun nan da ke bayan gidansa su ne fanshonsa. Saboda haka ba mu zo nan domin mu yi wa masu gida tsinuwa ba. Mai gida da ɗan haya a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi, mu kuwa makiyayansu ne dukansu biyu.

To, wane kuɗi ne muke magana a kai? Wanda ya je neman ɗaki yau, ba kuɗin haya kaɗai zai biya ba. Akwai na ejan, wanda galibi kashi 10 ne cikin ɗari na hayar shekara. Akwai na yarjejeniya, wanda ake cewa na lauya ne, ko da lauya bai taɓa ganin takardar da idonsa ba. Sa'an nan akwai wanda 'yan ejan suke kira koshon, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna. Na ejan da na lauya ladan aiki ne, sun tafi ke nan, kada kowa ya sa masu rai. Amma na ukun dabam yake. Ajiya ce. Ɗan haya ya danƙa wa mai gida ita domin in ya fasa wani abu, ko ya bar bashin wuta ko na ruwa, a cire daga ciki a mayar masa da saura. In bai ɓata kome ba, dukanta tasa ce. Kakanninmu ba su san koshon ba, amma sun san ajiya. Mutum zai yi tafiya ya bar akuyarsa ko buhun cittarsa a hannun maƙwabci, ya dawo bayan damina ya tarar da abinsa. Wanda kuwa ya ci ajiya, har 'ya'yansa sai sun sha gori a kasuwa.

Bari mu ba ku labarin wata ƙara da muka zauna a kanta. Ba za mu ambaci suna ba, mun kuwa nemi izinin mai ita kafin mu kawo maganar nan. Gwauruwa ce, mijinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, tana tuyar ƙosai da safe tana riƙe da yara uku. A shekarar 2020 ta kama ciki da falo a Unguwar Romi. Bayan kuɗin haya ta biya naira dubu 40 na ajiya, kuɗin da ta kwasa a adashin mata. A hannun ejan ta ba da shi. Da ta ce a ba ta rasit, sai ejan ya ce, "Haba Mama! Mai gidan nan fa dattijon ekklesiya ne, kuma yarenku ɗaya. Shi za ki ce ya rubuta maki takarda?" Kunya ta kama ta, ta yi shiru. Rasit ɗin da aka kawo mata daga baya na hayar shekara ne kaɗai.

Ta yi shekara huɗu a gidan, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. A 2024 aka ƙara kuɗin haya fiye da ƙarfinta, sai ta nemi wani ɗaki mai sauƙi a Gonin Gora. Ta haɗa abin da ta iya haɗawa, saura dubu 35 kuɗin ya cika, sabon mai gidan ya ba ta mako biyu. Ba ta damu ba, gama ta san tana da dubu 40 a ajiye. Ta kwashe kayanta, ta share ɗaki, ta ba jikan mai gidan makulli domin Baba ba ya nan. Da ta dawo ta ce, "Baba, na zo maganar ajiyata," sai ya ce ta bari wata ya mutu. Wata ya mutu, ya ce shi bai tuna ya karɓi wani kuɗin ajiya ba, ta nemi ejan. Lambar ejan kuwa ta daina shiga. Zuwa na uku sai ya fito da takarda ya karanta mata: fentin ɗaki biyu, silin da ya yi tabo, gilashin taga, bashin wuta, da kason kwashe sokawe. Da ya haɗa lissafi, sai ga shi ita ce ma za ta cika masa kuɗi. Ɗakin Gonin Gora ya tafi. Kayanta suka yi wata biyu a sito na majami'armu, ita da yaran suna kwana a falon wata 'yar Zumunta, babbar 'yarta kuma ta rasa zangon karatu guda.

Dattawan ekklesiyoyin biyu suka zauna. Abu biyu ne suka cece ta, kuma ba ko ɗaya da ta shirya da gangan. Na farko, uwar adashi ce ta raka ta ranar biya, ita ce ta ƙirga kuɗin a hannun ejan, tana kuma da littafinta. Na biyu, a makon da ta tare, matan Zumunta sun je addu'ar shiga gida, ɗanta ya ɗauki hoto da waya. A bayan kawunan matan nan, ga tabon silin nan ɓaro-ɓaro, tun ba ta kwana bakwai a ɗakin ba. Za mu faɗa maku yadda ta ƙare in mun kusa rufewa.

Daga wannan ƙara muka koyi cewa kuɗin ajiya, a ranar shiga gida ake karɓo shi, ba ranar fita ba. Wanda ya shiga ba takarda, ba shaida, ya riga ya yafe kuɗinsa tun kafin ya shimfiɗa katifa. Abin da yake hana mu neman takarda kuwa ba jahilci ba ne, kunya ce. Muna jin kamar neman rasit a wurin ɗan'uwa zargi ne. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. Mu kuma mun ƙara da cewa ko mai gidan mutumin kirki ne, takardar tana da amfani, domin mutum yana mantuwa, yana kuma mutuwa. Sau nawa muka ga mai gida ya rasu, 'ya'yansa suka zo daga Abuja suka ce su ba su san da wata ajiya ba? Ba ƙarya suke yi ba, ba su sani ba ɗin.

Saboda haka, ranar biya, ka nemi rasit dabam na kuɗin ajiya, kada a cuɗe shi da na haya. A rubuta a jikinsa cewa ajiya ce da za a mayar, a kuma rubuta kwana nawa bayan ba da makulli za a mayar da ita, ko 14 ne ko 30, duk wanda kuka shirya. Mai gida da kansa ya sa hannu, ba ejan kaɗai ba, gama ejan yau yana Sabon Tasha, gobe ba wanda ya san inda yake. In zai yiwu ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ka adana saƙon. Kafin ka shigar da kaya, ku zagaya ɗakin tare da shi da wani shaida, ku duba ƙofa, taga, silin, famfo, makewayi, ka ɗauki hoton kome, ka tura masa hotunan a wayarsa a ranar domin kwanan watan ya zauna. Maganar wuta kuwa, ita ce ta fi haddasa rigima. In akwai mita ta kati, da sauƙi. In bil ake kawowa, ka ga na ƙarshe da idonka ka san bashin da ka tarar, domin kada a ɗora maka wutar da wani ya sha tun kana ƙauye. A gidan da ake raba bil, a sami littafi guda da kowa yake sa hannu in ya biya kasonsa.

Yanzu, me mai gida yake da iko ya cire? A nan ne muke so masu gida su kasa kunne. Akwai tsufa, akwai ɓarna. Fentin da ya koɗe bayan shekara huɗu tsufa ne. Kwanon da yake yoyo har ya ɓata silin, da bangon da ya tsage daga tushe, da sokawe da dukan gida suka cika, da kan famfon da ya gaji, duk waɗannan na mai gida ne, domin irinsu ne yake karɓar haya kowace shekara. Ba daidai ba ne ka sabunta gidanka domin sabon ɗan haya da kuɗin wanda ya fita. Amma ku ma 'yan haya, a faɗi gaskiya. Gilashin da yaronka ya fasa da ƙwallo, da ƙofar da ka ɓalle ranar da makulli ya ɓace, da bangon da ya yi baƙi ƙirin saboda girki da gawayi a cikin ɗaki, da ramukan da mai haɗa dish ya huda, naka ne. Shawararmu ita ce ka kira kafintanka ka gyara kafin ka fita, domin in mai gida ne zai kira nasa, farashin ba zai zama ɗaya ba. In kuma za a cire, a nuna rasit na kayan da aka saya da ladan mai aiki, kada a yanke adadi da ka.

Akwai wani abin da yake cin kowa, wato faɗuwar darajar naira. A farkon shekarar 2020 buhun siminti bai kai naira 3,000 ba. A Fabrairun 2024 ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wannan yana nufin dubu 40 na gwauruwar nan, ko da an mayar mata cif, ba kuɗin da ta ba da ba ne. Yana kuma nufin mai gida da ya karɓi ajiya a tsohon farashi zai yi gyara a sabon farashi. Kowa yana da abin kuka. Amma wanda ya ƙara jan lokaci bayan an ba shi makulli, yana ƙara wa ɗan'uwansa asara a kan asara.

Wasu wurare sun sa doka a kan wannan. A Jihar Legas, dokar haya ta shekarar 2011 ta ce mai gidan da ya karɓi kuɗin ajiya dole ya ba da rasit dabam, ɗan haya kuma yana da iko a ba shi bayani a rubuce, aƙalla kowane wata shida, na yadda aka yi da kuɗin. A Ingila, tun watan Afrilun 2007, ba a bar mai gida ya yi yadda ya ga dama da kuɗin ba, sai ya yi masa rajista a ƙarƙashin wani tsari da gwamnati ta amince da shi, wanda kuma yake raba gardama in ta tashi. A 2019 suka ƙayyade cewa ga yawancin gidaje ajiyar kada ta wuce hayar mako biyar. Ba mu kawo waɗannan domin mu ce su sun fi mu tsoron Allah ba. Sun dai gane cewa kuɗin wani a aljihunka jaraba ne. Mai gida a nan ba ya tashi da niyyar cuta, kuɗin makaranta ne yake zuwa, ya taɓa ajiyar da nufin zai mayar, shekara huɗu ta wuce, ranar biya ta zo ba shi da shi, sai ya fara neman laifi a jikin bango. Masu gida, in za ku iya, ku ware kuɗin nan a wani asusu dabam. In kun san ba za ku iya riƙewa ba, ya fi kyau kada ku karɓa.

Ranar fita, ka sanar a rubuce tun da wuri bisa ga abin da yarjejeniyarku ta ce. Ka kira mai gida ku sake zagayawa tare, da hotunan ranar shiga a hannunka. Kada ka ba yaro ko maƙwabci makulli. Ka ba mai gidan hannu da hannu, ya rubuta cewa ya karɓa, da abin da ya gani.

In duk da haka ya ƙi fa? Ka fara zuwa kai kaɗai, cikin ladabi, ka nemi ya sa rana. In ranar ta wuce, ka rubuta masa wasiƙa gajeriya, da adadin kuɗin, da ranar da ka biya, da ranar da ka ba da makulli, da wa'adin da ka ba shi, ka riƙe kwafi. Bayan haka ka tafi da mutum ɗaya ko biyu waɗanda yake jin nauyinsu. In bai ji ba, a kai ga dattawan ekklesiya ko mai unguwa. Abubuwa biyu ne muke roƙo kada ku yi. Kada ka ce za ka biya kanka da kanka, ka cire fanka ko ƙofar mai gida ka tafi da ita, gama a nan ka mai da maganar bashi ta zama ta sata, kai da kake bi ka koma wanda ake nema. Kada kuma ka kai maganar caji ofis. Dokar 'Yan Sanda ta shekarar 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Karɓar bashi ba aikinsu ba ne, wannan kuwa ya shafi masu gida da suke kiran ɗan sanda a kan ɗan haya. Wurin maganar kotu ne, an kuma fi kai irinta gaban majistare. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi shawara a ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, mata kuma suna iya tuntuɓar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Sai dai ka yi lissafi tukuna, kada kuɗin mota da ranakun aikin da za ka rasa su fi abin da kake bi.

Mun san abin da ke zuciyar wasunku da muka ambaci kotu, wato sura ta 6 ta wasiƙar fari zuwa ga Korintiyawa. A ƙarar da muka ba ku labari ma an ɗauko ta, aka ce wa gwauruwar ba ta da iko ta kai ɗan'uwa ƙara. Mun karanta wurin nan shekaru da yawa, abin da muka gani kuwa shi ne, nauyin yana kan ekklesiya ne, cewa ta sami masu hikima da za su raba gardama da gaskiya. Wurin kuma ya tsauta wa masu cutar 'yan'uwansu, amma wannan ɓangaren ba a cika karanta shi da ƙarfi ba. In dattawa suka ƙi zama, ko suka zauna suka karkata wajen wanda ya fi ba da gudummawar gini, ba su da bakin da za su hana marar ƙarfi neman hakkinsa a wani wuri. Mu fastoci ma ba mu kuɓuta ba. Akwai gidan da wata ekklesiya ta kama mana haya, aka yi mana canjin wurin aiki, muka tafi muka bar bashin wuta na wata uku, muna tsammani ma'aji zai biya, shi kuma yana tsammani mun biya. Sai bayan shekara muka ji, muka koma muka ba mai gidan haƙuri da kuɗinsa.

Ga yadda ƙarar gwauruwar ta ƙare. Da aka ajiye littafin adashi da hoton nan a gaban Baba, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce ya tuna, ejan ya kawo masa kuɗin, ya sa su a maganin matarsa a shekarar. Aka cire kuɗin gilashin taga guda biyu da kasonta na wuta na wata biyu, gama waɗannan ta amsa nata ne. Saura dubu 28, ya biya a kashi uku cikin wata uku. Ta sami wani ɗaki a Kamazou, ɗaki ɗaya ba falo. Rasit ɗinta na ajiya yana cikin fayil ɗin sakataren ekklesiya, ita ce ta kawo da kanta ta ce a riƙe mata.

Muna ba kwamiti shawara a tsara takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda mai gida da ɗan haya za su cika ranar shiga da ranar fita, a ba ɗaya daga cikin lauyoyin da ke cikinmu ya duba ta, a ajiye kwafi a wurin kowane sakataren ekklesiya. Shugaban taro ya nuna mana agogo. Sauran lokacin na tambayoyi ne, muna kuma roƙo a fara ba masu gida dama, tun da su ne suka fi shan magana yau. Baba na gaba, bismilla.